ZAMA DA UWA IBADA NE, KADA A BAR CACA TA CINYE SHI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya gwama haƙƙinsa da haƙƙin iyaye, ya halatta ciniki, ya haramta cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata baiwar Allah 'yar kasuwa, mutuniyar nan Damagaram, ta aiko mana da tambaya bayan an tashi daga karatun mata, ta kuma yarda mu amsa ta a fili ba tare da ambaton sunanta ba. Mun ga ya kamata mu yi haka, domin tambayar ta shafi gidaje da yawa, ko da yake ba kowa ne zai iya furta ta ba.

Ita ce 'yar fari a wurin mahaifiyarta. Da mahaifinta ya rasu, tsohuwar ta gama takaba, amma baƙin ciki bai sake ta ba. A shekarun baya, kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, sai 'yar ta tafi da ita Kwatano sarin atamfa, don ta ɗan sha iska. Masaukin da suka sauka yana da ɗakin caca irin wanda ake kira kazino. Suka shiga da niyyar kallo, suka zuba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka yi sa'a suka ci. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, dariyar da 'yar ba ta ji ba tun ranar rasuwa. Da suka dawo gida abin bai tsaya ba. Duk yammacin Juma'a sai su shimfiɗa tabarma, su zaɓi lambobin dawaki, a aiki yaro ya yanko musu takarda. Ga abin da ta ce: "Malam, jaka ɗaya ce ko biyu a mako, ba ta hana mu ci ba, ba ta hana mu sha ba. Wannan ne kaɗai lokacin da Inna take sakin jiki da ni. In na daina, ban ɓata mata ba? In na ci gaba, ban saɓa wa Allah ba?"

ABIN DA TA YI DAIDAI

Kafin mu yi maganar haramci, wajibi ne mu faɗi gaskiya: wannan baiwar Allah ta gane wani abu da da yawa daga cikinmu muka manta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) wane ne ya fi cancantar kyakkyawan zama daga gare shi, aka ambata masa uwa sau uku kafin a ambaci uba. Mu lura, tambayar a kan zama ce da abokantaka. Mu kuwa mun taƙaita biyayyar iyaye ga aiken buhun gero da turmin atamfar Sallah. Waɗannan duka alheri ne, amma buhun gero ba ya hira, kuma tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse Yamai da Kano da Agadas, abin da ya fi damunta shi ne shirun tsakar gida bayan Isha'i.

Sa'an nan ga al'adarmu ta kunya. Uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta jan dogon zance da ita. Iyayenmu na da sun san hanyar da suke bi su kewaye wannan kunya. Aiki ne yake haɗa su: tsefe kai da kitso, ƙunshin lalle, surfe da daka, tsinkar zogale, tuyar ƙuli-ƙuli, da kwanakin wankan jego da 'ya takan yi a ɗakin uwarta. Hannu yana aiki, ido yana kan aiki, baki yana faɗin abin da ba zai faɗu ido da ido ba. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, kitso ya koma shago, sai aka wayi gari uwa da 'ya suna son juna amma sun rasa abin da zai zaunar da su wuri guda. Ta wannan ɓarakar caca ta shigo. Duk mai wa'azin da zai hana caca bai dubi ɓarakar ba, to, ya toshe ramin kura ne da ƙaiƙayi.

HUKUNCIN CACA

Hukuncin a fili yake, babu saɓani a kansa tsakanin malamai. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah ya bayyana cewa a cikin giya da caca akwai wani amfani ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Ke nan dariyar da tsohuwa ta yi Alƙur'ani bai musanta ta ba, ya auna ta ne, ya ga ba ta kai nauyin ɓarnar ba. Daga baya ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka sauka da hani yankakke, suka kuma faɗi dalili: Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane ta wannan hanya, ya kange su daga ambaton Allah da salla.

Cacar da ayoyin suka tarar a wurin Larabawan jahiliyya ma tana da rigar alheri. Sukan yanka raƙumi, su zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku marasa rabo. Waɗanda suka faɗi su biya kuɗin raƙumin, waɗanda suka ci kuma sukan raba wa talakawa naman don a yabe su. Duk da haka aka haramta ta. Wannan ya isa amsa ga masu cewa ribar tambola tana shiga ayyukan jama'a. Game da ƙanƙantar kuɗin kuwa, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca da ya yi sadaka. Idan gayyata kawai tana bukatar kaffara tun ba a zuba ko dala ba, ina ga jaka biyu duk mako?

Wani zai ce ai fatauci ma kasada ne. Gaskiya ne, fataken Zango na zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, sukan kama hanyar Agadas har Tarabulus, wasu su dawo da riba, wasu su dawo da igiyar raƙumi kawai. Amma a fatauci kaya ne suke tashi daga inda suka yi yawa zuwa inda ake bukatarsu, mai saye ya amfana, mai sayarwa ya amfana. A caca babu abin da aka noma, babu abin da aka ƙera, babu abin da aka kai ko'ina. Abin da ya shiga aljihun wannan daga aljihun wancan ya fito. Haka nan adashin da matanmu suke yi ba caca ba ne, domin kowace takan kwashi daidai abin da ta zuba, jira ne kawai ya bambanta su.

Ko ta fuskar lissafi ma, an gina abin ne don mai gida ya ci. Faifan da ake juyawa a kazino irin na Turai yana da gurbi 37, daga sifiri zuwa 36, amma wanda ya dace ana ba shi ribar ninki 35 ne kawai. Ma'ana, a cikin kowace jaka 37 da jama'a suka zuba, in tafiya ta yi tafiya, 36 ce take komawa gare su, ɗaya ta mai gida ce, a kowane juyi, dare da rana. Cacar dawaki ta gano na ɗaya da na biyu da na uku kuwa, a Faransa aka ƙirƙiro ta a 1954. Idan dawaki 18 ne za su yi tsere, hanyoyin da ukun farko za su iya jeruwa sun kai 4,896, kuma mai shirya cacar yakan cire kasonsa tun kafin a raba saura. Mu Damagarawa mun san doki, mun san hawan Sallah a ƙofar fada, kuma shari'a ta yarda a ba mahayin da ya yi fice kyauta. Wannan daban ne da zuba kuɗin cefane a kan dokin da ke gudu a wata ƙasa, wanda ba mu taɓa ganin ko jelarsa ba.

ABIN DA CACA KE SACEWA

Babbar hasarar wannan gida ba jaka biyun ba ce. A lokacin kitso, kan 'ya yana kan cinyar uwarta, hankalin kowace yana kan 'yar'uwarta. A lokacin caca kuwa suna zaune kafaɗa da kafaɗa, amma zukatan biyu suna wurin sakamako. In an ci, murnar ta kuɗi ce. In an faɗi, ko ba a furta ba, zuciya takan tuna wadda ta zaɓi lambar. Daga nan gabar da ayar ta ambata take tsira, kaɗan-kaɗan, kamar gara a gindin azara. Wata rana 'yar za ta zo hannu wofi, ta ga fuskar Inna ba ta sake kamar kullum ba, sai ta kasa gane ko zuwanta ake jira ko takardar.

Sa'an nan mu tuna da yaron da ake aika. Yana koyon hanyar wurin, yana koyon cewa abin da kakarsa take yi ba zai zama laifi ba. Gobe ba sai ya je ko'ina ba, domin cacar ƙwallo tana cikin wayar hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da caca a jerin cututtukan da ake yi wa magani, kuma a 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama saboda koke-koken iyaye. Babu wanda ya fara da sayar da gona. Duk da jaka ɗaya suka fara.

YADDA ZA TA YI

Alƙur'ani bai bar mu cikin ruɗu ba. A Suratu Luƙman, aya ta 15, an hana bin iyaye idan suka matsa a yi shirka, kuma a cikin ayar nan dai aka yi umarni da a zauna da su a duniya da kyautatawa. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) bai bar addininsa ba duk da mahaifiyarsa ta ƙi ci ta ƙi sha, Asma'u 'yar Abubakar (RA) kuma an umarce ta da ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. Idan haka ne a kan shirka, to, a kan abin da bai kai shirka ba hanyar ta fi sauƙi: a bar aikin, a riƙe zaman.

Don haka muna ba ki shawara, 'yar'uwa, kada ki fasa zuwan Juma'a ko sau ɗaya, domin idan caca ta tsaya zuwanki ma ya tsaya, Inna za ta ɗauka addini ne ya raba ta da 'yarta. Kada kuma ki zauna gabanta kina ja mata aya kamar ɗaliba. Ki ɗora laifin a kanki, tunda ke kika kai ta wurin, ki ce: "Inna, na yi tambaya an ce abin nan da na koya mana ba shi da kyau. Ki yafe mini, ki taya ni neman gafara." Uwa takan ƙi wa'azin 'yarta, amma da wuya ta ƙi taya ta tuba.

Sa'an nan ki cika gurbin tun ranar, kada ki bar shi fayau. Ki zo da lalle, ki tsefe mata kai. Ki tambaye ta labarin aurenta, da sunayen kakanninki da garuruwan da suka fito, domin ranar da ta tafi babu mai gaya miki. Ku shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis ku yi ciniki tare, ko ku tafi Mirya ku ga lambuna, ku ziyarci dangin da aka daɗe ba a gani ba. Ku riƙa zuwa karatun mata tare. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tsofaffin mata ne suke jagorancin 'yan taru wajen neman ilimi. Jaka biyun nan kuwa ki damƙa wa Inna a hannunta, ita za ta zaɓi inda za a kai. Garinmu gari ne da ya san ƙishirwa, idan rani ya tsananta akwai maƙwabciyar da kuɗin ruwa yake gagara. Ku saya mata, da niyyar ladan ya isa ga marigayi. Abin da kuka taɓa ci a baya kuma, malamai sun ce a fitar da shi ga mabukata don tsarkake dukiya, ba da neman ladan sadaka ba.

Mu ma maza akwai namu. Mijin da yake ƙuntata wa matarsa ziyarar mahaifiyarta ba da dalili ba, da ɗan da yake ganin kula da tsohuwa aikin 'yan'uwansa mata ne, su ji tsoron Allah. Da tsakar gidan nan tana cike da 'ya'ya da jikoki, da takardar doki ba ta sami wurin zama ba. Wanda uwarsa take raye a cikinmu, ya lissafa yaushe rabonsa da zama da ita har ta gaji da hira don kanta.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suke raye, ya tsare mu da zuriyarmu daga dukiyar haram, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.