Kunnen Zaki

Ban taɓa zaton zan zauna in yi rubutu a kan kunnen kare ba. A gidanmu na Zariya kare ɗan waje ne, a zuba masa sauran tuwo, ya yi haushinsa da dare, shi ke nan. Amma da ɓarayi suka fasa mana gida sau biyu cikin shekara guda a nan Leeds, maigida ya ce sai mun samo mai gadi. Haka muka ɗauko ɗan kwikwiyo mai mako takwas, irin karen makiyayan Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke yawo da su. Aka gyara masa ɗaki a bayan gida, aka yi sharaɗi ba ya shiga inda muke salla. Babban ɗana, mai shekara 14, ya raɗa masa suna Zaki.

Duk wanda ya san irin wannan kare ya san kunnuwansa a tsaye suke kamar mashi. Tun 1899 da Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Jamus, tsayayyen kunne na cikin siffar da ake nema a jikinsa. Amma duk a kwance ake haifar su da shi. Na Zaki sun miƙe yana da wata uku, muka yi ta ɗaukar hoto. Da ya shiga wata huɗu sai na dama ya sake faɗuwa, ya rufe kamar ganyen da rana ta doka. Zaki da kunne ɗaya a kwance. Yaron nan ya shiga damuwa ba kaɗan ba.

Wata safiya na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, na tarar da shi a kicin da gam, da babbar filastar liƙe kwali, da kwalbar ƙwayoyin kalsiyam ɗina. Ya kwana yana kallon YouTube. Ya ce, "Umma, an ce in aka wuce wata bakwai shi ke nan, ba zai ƙara tashi ba. Ke nas ce, ki taya ni." Na ce ya ajiye komai tukuna, sai na yi barci na tashi.

Gaskiya barcin bai zo ba. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, wannan kunnen wa yake damu? Zaki yana ji sarai. Ko ledar abincinsa ka taɓa daga cikin gida sai ya miƙe. Yana ci, yana gudu, ba ya sosa wurin. Idonmu ne abin ya tsaya wa. Mun biya kuɗi da wani hoto a zuciyarmu, hoton kuma bai fito daidai ba.

Na san wannan halin daga wurin aiki. Shekarata ashirin da 'yan kai ina jinya, kuma abin da ya fi yi mini wuya in koya shi ne janye hannu. 'Yan'uwan majinyaci na son su ga ana yin wani abu: a ƙara ruwa, a yi allura, a canza magani. Mu a gida ma in ka je asibiti ba a yi maka allura ba gani kake an cuce ka. Alhali sau da yawa jiki na kan aikinsa, abin da yake so a wurinmu tsafta ne, da abinci, da lura, da lokaci.

Ranar hutuna muka kai shi wurin likitar dabbobi, ni da yaron. Ta haska cikin kunnen, babu ƙwari, babu ciwo. Ta buɗe bakinsa ta nuna mana gurbin haƙoran da suka zube. Kwikwiyo na da haƙoran nono 28, kuma tsakanin wata uku zuwa wajen wata bakwai yake canza su da na manya guda 42. A wannan tsakanin kunnuwa kan tashi su faɗi, yau na hagu, gobe na dama. Abin da ke riƙe kunne guringuntsi ne, ba ƙashi a ciki, kuma a hankali yake ƙwari. Kunnen da ya taɓa miƙewa da kansa, galibi yakan koma ya miƙe bayan an gama haƙora.

Da na ambaci kalsiyam sai ta girgiza kai. Kwikwiyon manyan karnuka jikinsa bai iya tace yawan kalsiyam ɗin da ke shiga ba tukuna, in ya yi yawa sai ya ɓata girman ƙashi da gaɓoɓi. Ga shi dama irin su Zaki sun yi suna da ciwon ƙugu. Ka ga kenan don a miƙar da kunne ana iya gurgunta ƙafa. Garin neman gira a rasa ido, ba ƙari ba ragi. Abin da ta ce mu yi kaɗan ne: cikakken abincin da aka haɗa don kwikwiyon manyan karnuka, maganin tsutsar ciki a kan lokaci, abin taunawa mai kyau saboda dasashinsa na ƙaiƙayi, sannan a hana ƙananan yara ja ko murza kunnen, kada su karya guringuntsin.

Da daddare muna waya da surukata na ba ta labari. Hajiya ta yi dariya har da tari, wai kare ne har da likitansa. Amma ta jefo mini magana. Ta ce, "Ke dai 'yar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Kuma tana da gaskiya. Akwai lokacin da in ya wuce, ya wuce. In kare ya kai wata bakwai zuwa takwas kunne bai tashi ba, da wuya ya tashi. A aikinmu ma haka ne. Jaririn da aka haifa da karkatacciyar ƙafa, tun makonnin farko ake fara ɗora masa filastar siminti, ana canzawa mako-mako har ta miƙe. Uwar da ta ce a jira ya girma ta cuce shi. Don haka ba kowane jira ne hikima ba, wani sakaci ne aka yi masa lulluɓi.

To ina bambancin? A ganina yana cikin amsar tambaya ɗaya: in ba a gyara ba, wa zai sha wuya? Yaron da aka bari da karkatacciyar ƙafa shi zai yi ɗingishi har tsufansa. Karen da aka bari da kwantaccen kunne ba ya rasa komai, sai dai ya faɗi gasar kyau, mu kuma gadi muka ɗauko shi. In amfanin gyara na wanda ake gyarawa ne, ana iya sa shi ya jure ɗan zafi. In amfanin na mai kallo ne, to ba mu da hurumin sa shi jin zafi ko kaɗan. Dokar Ingila ma ta tsaya kusa da nan. Dokar kare lafiyar dabbobi ta 2006 ta haramta yanke kunnen kare don ado, abin da har yanzu ake yi wa wasu karnuka a Amurka don kunnen ya tsaya.

Ban ce ɗaure kunne haramun ne ba. Masu kiwo na yi, kuma in an yi da kyau ba ya cutarwa. Amma yana da ƙa'ida. Ba a farawa sai haƙora sun kusa kammala, wajen wata biyar zuwa shida. Likita ko wanda ya ƙware ne zai ɗora. Soso mai taushi ake sawa ya tallafi kunnen ba tare da toshe ramin ba, a naɗe da filastar asibiti mai shan iska, sakwa-sakwa. Ana dubawa kullum, a kwance bayan 'yan kwanaki fata ta huta. In aka ji wari, ko aka ga ja, ko kumburi, ko kare na yawan sosawa da kaɗa kai, a cire nan take. Gam da filastar kwali kuwa ko kusa. Na sha ganin abin da matsattsen bandeji ke yi wa yatsan mutum in jini ya daina isa, na kuma ga yadda filasta mai ƙarfi ke ɗaye fatar tsoho. Bakin kunnen kare siriri ne, ba ya jure wannan.

Muka yi yarjejeniya da yaron. Za mu jira wata shida. In bai tashi ba, likita ta ɗaure sau ɗaya. In Zaki ya nuna ba ya so, a kwance, magana ta mutu. Ya yarda, amma ya ce, "Umma, ke ma fa haka kike mini da Hausa. Kullum gyara, tun ban gama magana ba." Na rasa ta cewa. Hausarsa ba kunnen kare ba ce, amfaninta nasa ne, da ita zai gaisa da kakarsa. Amma na tambayi kaina, nawa ne cikin gyaran nan don shi, nawa ne don kada a yi mini dariya in mun je gida hutu? Tun ranar nake ƙoƙarin barinsa ya kai ƙarshen zancensa kafin in sa baki.

Zaki bai kai ga filasta ba. Ana saura kwana kaɗan ya cika wata shida, mai kawo wasiƙa ya taɓa ƙofa, sai ga kunnen ya miƙe. Bai miƙe duka ba, ɗan bakinsa na sama ya lanƙwashe, har yau kuma haka yake. Yaron ya tambaye ni ko a koma wurin likita a ƙarasa. Na ce shi ya yanke. Ya daɗe yana kallon karen, sannan ya ce a bar shi, da wannan ɗan lanƙwasar yake gane shi daga nesa in an sake su a fili.