Kunya Da Izini: Matsayin Maigida A Ranar Naƙuda

A ƙauyukanmu, idan naƙuda ta kama mace, wurin da al'ada ta tanadar wa mijinta shi ne ƙofar gida. Ɗaki na ungozoma ne da tsofaffin mata. Shi kuwa ya zauna a zaure ko ya sulale gona, yana jiran albishir. In cikin fari ne ma, tun kafin lokaci ya yi an mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, kunyar surukai kuma ta hana mijin ko tambayar lafiyarta. Ba mu ƙi wannan kunya ɗungum ba, domin akwai sutura a cikinta. Tambayarmu ita ce: shin al'adar da ta fitar da mutum daga ɗakin haihuwa, ta kuma fitar da shi daga alhakin abin da ya auku a ciki?

Da fitar nan cikakkiya ce, da mun ce i. To, amma namijin da ba ya shiga ɗakin, shi ne dai ke riƙe da izinin fita da kuɗin mota. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana jinkiri uku da ke halaka masu haihuwa, wato jinkirin yanke shawarar neman taimako, da na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Na ukun nauyin hukuma ne, kuma ba ƙarami ba ne. Amma na farkon galibi a hannun maigida yake, na biyun ma yana da kaso a ciki. Zubar jini bayan haihuwa kan iya ɗauke mace cikin awa biyu. Sau nawa ake cinye awa biyun nan ana neman maigida a kasuwar wani gari, ko ana jiran wanda ya tafi cin rani Ikko ya ɗaga waya, don ba mai ƙarfin halin fitar da matar wani ba da yawunsa ba?

Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya daga 1976 zuwa 1979, kan haihuwa 22,774, ya nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani alamu ne na hawan jini wanda kan kai ga jijjiga, kuma a wurin awo ake gano shi. A gida kuwa sai a ce iskoki ne, a kawo turare. Haka nan naƙudar da ta kwana ta wuni, in ba ta ci rai ba, takan bar yoyon fitsari. Wanda ke shakka ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, ya kuma tambayi matan da ke kwance ko nawa ne daga cikinsu har yanzu ke da aure.

Wani zai ce ai mutuwa kwana ne. Gaskiya ne, babu mai ja da ƙaddara. Sai dai mun lura ba a barin ragon suna ga ƙaddara. Tun ciki na wata biyar ake ɗaure shi, ana ba shi dusa da harawa. Mutumin da ya iya wannan tanadi bai rasa dabarar ajiye kuɗin mota ba, abin da ya rasa shi ne ɗaukar ranar naƙuda a matsayin tasa. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ma a kan uba ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa, balle ranta. Kuma abin takaici, a bakin ɗakin tiyata akan ga ƙato ya noƙe idan likita ya nemi jini, yana tsoron ƙarfinsa zai ragu, alhali abin da za a ɗiba bai wuce rabin lita ba.

Ba muna cewa lalle maigida ya kutsa cikin mata ba ne. Ya ci gaba da zama a zaure in ya so. Amma tun ciki na wata bakwai ya tara mahaifiyarsa da ungozoma da ƙaninsa, ya faɗa a gabansu cewa ko yana nan ko ba ya nan, da an ga jini ko jijjiga ko naƙuda ta wuni, a tafi asibiti ba sai an neme shi ba. Ya shirya da direban da za a tasa ko da tsakar dare ne, sa'an nan ya damƙa kuɗin a hannun ita matar.