Sandar Gurgu da Farillar Kifaya

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya lissafa likitanci da noma da saƙa cikin farillan kifaya, wato ayyukan da idan al'umma ta rasa mai yin su, alhaki ya hau kan kowa; kuma a ganina, malamin injiniyanci da ya ɗora wa ɗalibansa gyaran sandar da gurgu ke dogarawa, ya shiga wannan babi, ko ya sani ko bai sani ba.

Mas'alar ita ce niyya. Domin ɗalibi yana iya ƙera abin sha'awa don neman maki, alhali bai taɓa zama da mai lalurar ya ji cewa sandar hammata, in an daɗe ana jingina nauyi a kanta, tana danne jijiya har hannu ya mutu, ko cewa hannu biyu duk sun tafi ga riƙo, ta yadda ɗaukar butar alwala ma sai da taimakon wani. Wanda ya ji haka daga bakin mai ita, zanensa yakan sauya: ya sa mariƙin buta, ya gyara robar gindi kada ta zame a jiƙaƙƙen daɓe.

A Kano, waɗanda shan inna ya naƙasa sun daɗe suna ƙera wa junansu kekunan hannu, kuma ko da yake an ayyana kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a 2020, su suna nan da ransu da saninsu. Ya kamata ɗalibai su je maƙerarsu su zauna zaman almajirai.