Tsanani ko zalunci? Tambaya daga wasan Ninja Gaiden

A shekarar 1988 kamfanin Tecmo na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Ninja Ryukenden domin na'urar Famicom ta Nintendo, ƙarƙashin jagorancin Hideo Yoshizawa. Da ya isa Amurka a 1989 aka raɗa masa suna Ninja Gaiden, a Turai kuwa Shadow Warriors. Mai wasa yana tafiyar da jarumi daga wannan gefen allo zuwa wancan, yana tsalle, yana sara da takobi, yana maƙalewa a bango. Jarumin shi ne Ryu Hayabusa, saurayi daga zuriyar ninja, wato mayaƙan ɓoye na Japan ta dā, wanda ya fita ɗaukar fansar mahaifinsa. Wasan ya yi suna wajen wuya, kuma wuyar tasa ta tayar da tambayar da ta shafi duk mai tarbiyya: yaushe ne wahalar da aka ɗora wa mai koyo take zama horo, yaushe kuma take komawa zalunci?

An raba wasan babi shida, kuma tun daga na farko babu sassauci. Duk bugun da Ryu ya sha yakan jefa shi baya, sau da yawa cikin rami. Tsuntsaye sukan kawo masa farmaki daidai lokacin da yake tsakiyar tsalle. Abokin gabar da aka kashe yakan sake fitowa idan mai wasa ya ɗan ja da baya. Amma akwai amana guda da wasan yake riƙewa: kowane maƙiyi yana da wurin fitowarsa, ba ya canzawa. Saboda haka kowace faɗuwa tana ɗauke da ilimi. Wanda tsuntsu ya kayar yau, gobe ya san inda zai dakata. Kuma ba a ƙayyade yawan sake gwadawa ba. Ƙofa a buɗe take ga mai haƙuri, ana mayar da shi kusa da inda ya yi tuntuɓe. Wannan tsanani ne, amma na mai horo, domin hukuncin yana nuna kuskuren da yatsa.

A ƙarshen babi na shida ne lamarin yake sauyawa. Ryu yana fuskantar faɗa uku a jere: da wani mai rufaffiyar fuska, wanda ashe mahaifinsa ne da aka mallake, sannan da mugun nan Jaquio, sannan da aljanin da aka tayar. Wanda ya faɗi a ɗayansu ba a mayar da shi bakin ƙofa, sai a cilla shi can farkon babin, ya sake ratsa hanya mafi wuya a wasan gaba ɗaya. Nan hukunci ya rabu da laifi. Abin da ya gagari mai wasa shi ne dabarun Jaquio, amma abin da aka tilasta masa maimaitawa hanya ce da ya riga ya nuna ya iya. Yakan yi doguwar wahala kafin ya sami ɗan ƙanƙanin lokaci na koyon abin da yake buƙata.

Masu kare wannan tsari suna da hujja. Sukan ce sai an sha wuya akan sha daɗi, kuma duniya kanta ba ta auna wa mutum azaba daidai da kuskurensa. Gaskiya ne waɗanda suka kai ƙarshen wasan suna alfahari da shi har yau. Sai dai abin da ƙaddara ta kawo daban, abin da hannun mutum ya tsara daban. Wanda ya shirya wa wani wahala da gangan, wajibi ne ya iya faɗin amfaninta. Haƙurin mai haƙuri abin yabo ne, amma ba ya wanke wanda ya ɗora kayan. Kuma ana jin muryar waɗanda suka tsallake ne kawai. Waɗanda suka ajiye na'urar suka tafi ba wanda ya ƙidaya su.

Duk da haka masu wasan sun bar rahama guda: maƙiyin da aka riga aka kayar cikin ukun nan ba ya tashi idan an dawo. Aikin da aka yi ba ya ɓata, kuma shi ne yake hana mai wasa yanke ƙauna.

Malamin makaranta ya san irin wannan ciniki. Ɗalibin da ya gaza a fanni ɗaya ko biyu, aka ce ya maimaita aji ɗungurum, an mayar da shi farkon babi na shida ke nan. Wataƙila ya dawo da ƙarfi, wataƙila kuma ya bar makaranta. Kafin malami ya tsananta, ya kamata ya duba ko hukuncin zai kai yaron ga wurin da ya kasa, ko kuma an lissafa masa abin da ya riga ya ci. Idan babu ko ɗaya, abin da yaron zai koya shi ne tsoron malamin.