Mai Bi da Kuɗin Dashen Itatuwa



Gwamnatoci da ƙungiyoyi sukan aiko da kuɗin taimako cikin garuruwanmu domin a dasa itatuwa, a kuma gina murhu mai tsimin itace. Sau da dama akan sa ɗan Ikkilisiya ya zama ma'aji ko magatakarda, gama ana zaton ba za shi ci amana ba. To, ƙaƙa ya kamata mai bi ya yi da irin wannan kuɗi?

1. Dalilin da ya sa ake ba da shi

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'anda bisashe suka mutu, iska kuma ta kwashe ƙasar gona inda babu itatuwan da za su tare ta. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal har Jibuti, wajen kilomita 8,000, jihohi 11 na arewacin Nijeriya kuwa suna ciki. Game da murhu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwarsu a shekarar 2020.

Ashe kuɗin nan yana da masu shi. Su ne macen da ke yin nisa garin neman itacen wuta, da jaririn da ke goye a bayanta cikin hayaƙi. Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya sa Adamu cikin gonar Adnin domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Ƙasa ta Ubangiji ce, mu wakilai ne kawai.

2. Jarabar da ke ciki

Ba kyauta ba ce da za ka kashe yadda ka ga dama. Mutanen gari sukan rubuta takardar roƙo, su ce dashe kaza za su yi, kuɗin shinge kaza, na ban ruwa kaza. Masu bayarwa sukan biya kashi-kashi, su nemi rasit da labarin aiki. Wannan takarda alkawari ce. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan Shaiɗan yakan kafa tarko uku. Na fari, a ƙara kuɗi a kan rasit, a raba ribar a ɓoye. Na biyu, a rubuta sunayen dangi da ba su taɓa fartanya ba cikin masu karɓar lada. Na uku, a yi dashe ranar zuwan baƙi, a ɗauki hoto, kana a bar wa awaki.

Ku tuna da Hananiya da Safiratu cikin Ayyukan Manzanni, sura 5. Sun kawo sashen kuɗi, suka ce duka ke nan. Ba a tilasta musu bayarwa ba. Ƙaryar ce ta hallaka su. Wanda ya rubuta dashe dubu alhali ɗari uku ya yi, ya bi sawunsu.

3. Yadda za a riƙe kuɗin

Sa'anda Manzo Bulus ya tara gudummawa domin matalauta na Urushalima, bai so a bar masa kuɗin shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi suka zaɓi ɗan'uwa ya yi tafiyar tare da su, domin kada kowa ya sami abin zargi. Ku karanta wannan cikin Korintiyawa ta Biyu, sura 8. Idan manzo ya nemi shaidu, balle ni da kai?

Saboda haka kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi duka biyu. A sa mutum uku, ba 'yan gida ɗaya ba. Kada kobo ya fita sai an rubuta. A karanta lissafi a gaban jama'a, har wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Abin da ya ragu a faɗa wa masu bayarwa.

4. Lissafi na gaskiya

Amma lissafin kuɗi ba shi ne ƙarshe ba. Kada ka ƙidaya itatuwa ranar dashe. Ka ƙidaya su bayan rani, sa'anda suka sha zafin bazara.

A ƙasar Maradi, cikin 1983, wani ɗan mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, ya ga yawancin dashen da suka yi suna mutuwa. Sai ya lura ƙananan tsiro da manoma ke sassabewa toho ne na kututturan da saiwoyinsu ke da rai. Idan an zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, an datse sauran, an tsare su, itace yakan tashi da sauri. Cikin yunwar 1984 aka ba da abinci ga waɗanda suka bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon abinci ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari fa suka sami itacen wuta da abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ba da lada ba. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 cikin Nijar.

Kuɗi yana iya fara aiki, amma ba ya iya tsare itace. Sai zuciya mai aminci. Ka kewaye dashenka da ƙaya, ka ba shi ruwa da rani ko babu mai dubawa. Ka bar gawo a gonarka, gama yakan zubar da ganye da damina, ba ya rufe wa hatsi rana.

5. Tsimi a murhu

Bayan da Ubangiji Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara gutsattsarin da suka ragu, har kwando goma sha biyu. Mai iko duka bai yarda da ɓarna ba. In an gina muku sabon murhu, ku yi aiki da shi. Ku ƙona busasshen itace, ku rufe tukunya, ku jiƙa wake tun da dare, ku kashe wuta in an sauke. Kai maigida, kada ka ce wannan maganar mata ce.

6. Abin da za ya same ka

Ba zan ɓoye maka ba: ran da ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya, wataƙila abokai su juya maka baya, har a fishe ka daga cikin shawara. Ka yi haƙuri, ka faɗi gaskiya da ladabi. Maƙwabtanka, masu bi da waɗanda ba masu bi ba, suna duban hannunka kafin su saurari bakinka.

In kuwa ka riga ka ci, kada ka fid da zuciya. Zakka mai karɓar haraji ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayarwa. Ka tafi wurin dattawan Ikkilisiya, ka faɗi laifinka, ka biya. Ba da itatuwa ake sayen ceto ba, Almasihu ya rigaya ya biya da jininsa. Amma wanda aka cece shi, ana ganewa ga hannunsa.

Addu'a

Ya Ubangiji, mai ba da ruwa da tsiro, ka tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba, ka ba mu naciya mu kiyaye abin da muka dasa, domin 'ya'yanmu su zauna a inuwa su yabe ka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.