Alherin da ba ya jiran tukuici

A ƙasar Hausa, kyauta takan tafi ta dawo. Matar da ta kai gudummawa wajen suna ta san ranar nata bikin za a mayar mata, har da ƙari. Wannan ba aibi ba ne, domin da shi zumunci yake tsaye. Sai dai koyarwar Kirista ta ɗora wa mabiyanta nauyin da ya wuce haka. A Linjilar Luka, sura ta 14, Yesu Almasihu ya umurci mai shirya liyafa da ya gayyato matalauta da guragu da makafi, saboda su ne ba su da halin ramawa.

A Nijar wannan umurni yana da wuyar ɗauka. Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ba, don haka mabuƙacin da Kirista zai tarar a ƙofar gidansa galibi Musulmi ne. Daga nan zargi yake tasowa. Tun da mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, akwai masu cewa maganin tarko ne, ana warkar da jiki don a farauci zuciya.

Bai kamata a yi watsi da zargin ba, gama kyautar da aka ɗaure da sharaɗi ciniki ce, ko da sunan Allah aka yi ta. Ma'aunin gaskiya ɗaya ne: shin hannun da ya bayar zai ci gaba da bayarwa in mai karɓa ya riƙe addininsa, ko ma ya saka da sharri? An gwada wannan ma'auni a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, shugabannin Kirista kuwa suka yi kira ga yafiya.

Amma yafiyar da aka furta a bainar jama'a ta fi sauƙi bisa wadda ake yi a unguwa. Jarrabawar tana ga matar da za ta aika wa maƙwabta akushin shinkafar Kirsimeti alhali tana tsammanin ɗansu yana cikin masu jifa. In ta hana, ba mai ganin laifinta. In ta aika, ba don a mayar mata ba, ta cika abin da addininta yake kira ƙauna.