Sabuwar Shekara: Kada Niyyarmu Ta Kwanta Kamar Ruwan Zobe

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wani Muharram, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan wata ya kama, sai ki ji muna ɗaukar alkawari: bana zan koma Islamiyya, bana zan sauke Alƙur'ani, bana na bar gulma a gidan biki. Madalla. To amma 'yar uwa, ina na bara ya kwana?

Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ga misali nan a ƙofar gidanmu. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa tun 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin tace ruwan da tura shi garuruwa. Shekara 38 ke nan! Ruwa dai ga shi a tare, abin da ya rage hanyar da zai bi ya kai ga randa. Haka niyya take. Komai kyanta, idan ba ki haƙa mata hanya ba, a zuci za ta kwanta har ajali ya riske ki.

A Suratun Nahli, aya ta 92, Allah Ya gargaɗe mu game da warware alkawari, Ya buga misali da mace mai warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Wadda ta taɓa ganin kakarta riƙe da mazari ta san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

To mene ne mafita? Na farko, ɗauki kaɗan. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da bai da yawa. Shafi 2 bayan Asuba kullum, kafin shekara ta zagayo kin sauke.

Na biyu, fara da bashi. Ramuwar azumin da ke kanki, kada ki bari sai Sha'aban ki shiga kame-kame. Ɗauki Litinin da Alhamis tun yanzu. Haka 'yar uwar da kuka yi shekara ba ku magana, ke ki fara yi mata sallama.

Na uku, nemi abokiya. Yadda uwar adashi ke aiko yarinya karɓar zubi, haka ki samu wadda za ta riƙa tambayarki: "Yau kin yi karatu?"

Idan kin yi tuntuɓe kuwa, kada ki ce sai baɗi. Wa ya ba ki tabbacin baɗin? Yi istigfari, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya sa mu cika da imani, amin.